Rediyon Sharafiyya Ya Rage Murya

Asabar, Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na kulle ɗakina a Sharafiyya, fasfo da takardar izinin fita daga kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, suna aljihu. Ni mai gyaran injin sanyi ne, amma a unguwa Rediyo ake ce mini, don magana ba ta kwana a cikina. Abin da ya tayar da ni shi ne ƙanena Bashir da ke Baltimore a Amurka. Wata takwas ba ya ɗaukar waya, Hajiyarmu a Katsina kullum kuka.

Direban tasi, wani ɗan Maraɗi, ya ce, "Sai ina, Rediyo?" Kafin mu isa filin jirgi ya san komai, har sunan titin Bashir.

Lahadi, cikin jirgin ƙasa

Awa goma sha uku muka yi a sama zuwa New York. Na kwana a wani ƙaramin masauki, da safe ƙarfe tara na shiga jirgin ƙasa zuwa Baltimore. Ina zama na kira abokina a unguwar Bab Makka ta Jidda in sanar da shi na iso. Wani dattijo ya taɓa kafaɗata, ya nuna mini allo. Ashe taragon shiru na shiga, inda ba a waya. Awa biyu da rabi ban ce uffan ba. Tun da aka haife ni ban taɓa irin wannan azumi ba.

Ƙarfe ɗaya na buga ƙofar Bashir, shiru. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta leƙo. Na ce, "Ina yake?"

"Ba ni zan faɗa ba," in ji ta a hankali. "Rubuta sunanka, in tambaye shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuci, wannan wace irin ƙasa ce da maƙwabci yake rowar labari? Na ci burodi da kifin gwangwani na dala huɗu, na kwana da fargaba.

Litinin, asibiti

Ƙarfe takwas na koma, tsohuwar ta ce Bashir ya yarda, ta ɗauke ni a motarta. Minti ashirin muna tafe, hirar sanyin gari kawai ta yi mini. A asibiti wata ma'aikaciya ta ja labule, sai ga Bashir a kwance, ya rame, amma idonsa garau. Likita ta dube shi ta ce, "Ka yarda yayanka ya ji?"

Ya dube ni ya ce, "Yaya, na san bakinka. In ka ji da safe, da la'asar Sharafiyya ta ji, da magariba ya kai kunnen Hajiya, ka kuwa san zuciyarta."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Kullum muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, ga shi tsohuwar da ba danginmu ba ta rufa wa ƙanena nasa wata takwas, ni kuwa guduna yake yi. Na ce, "Na ɗauki alkawari." Ya gyaɗa wa likita kai. Ta rage murya ta yi bayani, kuma ta ce sauƙi na tafe. Ranar Laraba da bakinsa ya kira Hajiya, ya faɗa mata iya abin da ya ga dama.

Juma'a, gida

Bayan kwana goma sha uku na sauka Jidda ƙarfe biyu na rana. Da la'asar majalisarmu ta mai shayi ta cika. Alhaji Mahamat, ɗan Cadi mai sayar da atamfa, ya matso da kujera. "Yalla, Rediyo, kunna mana. Me ya sami Bashir?"

Maganar ta taso mini har maƙoshi. Na kurɓi shayi na ce, "Yana gaishe ku."

"Halas? Shi ke nan?"

"Halas."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa tsohuwar Baltimore. Ku kuma masu karatu da kuke jira in faɗi ciwon, Bashir yana gaishe ku.