Garinmu Kiwo Ya Tafi

Tungar Marke ba ta kai a kira ta gari ba, amma mu haka muke kiranta. Gidaje ne 'yan kaɗan a kan tudu, fadama a gabas, gonakin gero a yamma, gulbi kuma yana kwance a ƙasa. In ka yi atishawa a wannan gefe, daga wancan gefen ake yi maka addu'a.

Bayan magariba kakata Inna Tumba takan tura kara a murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta zungure ni da muciya ta ce, "Maigidana rago, wa ag gabas ga rijiya?" In na faɗa, ta tambayi na bayansa, har sai mun zaga Tunga gida-gida da baki. Wanda ya kuskure, ba shi ba gyaɗa.

Sannan ta ɗauko labarin. Wai da aka watse daga Alkalawa, kakanninmu sun biyo gulbi har suka sauka a bakinsa. Gulbin kuwa makwaɗaici ne, kowace damina sai ya gutsiri gaɓa, har ranar da garin ya gaji, ya ɗora rumbunansa a ka ya hau tudu. Amma wata makauniyar tsohuwa ba ta daina komawa tsohon wurin ba. Kullum da la'asar takan bi inda gidaje suke a da, tana gaida kowa da sunansa, wurin kuma yana amsawa. Masu kiwo sukan ji daka a can, su ji ƙamshin tuwo, alhali ko bukka babu. Da ta rasu, ba wanda ya riƙe sunayen. Wani baƙo ya zo wucewa ya ce wannan ai kufai ne, daga ranar dakan ya ɗauke.

Ina jin labarin nan ina gyangyaɗi, sai in ga kamar rumbuna na tafiya cikin hayaƙin murhu. Na taɓa tambayarta ko tsohon garin mutuwa ya yi.

"Gari ba shi mutuwa in da mai kiran mutanenai," in ji ta. "Kiwo yat tahi."

Inna ta daɗe da rasuwa. Ba ta ga shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu ba, wasu suka yi Isa, wasu Sabon Birni, wasu suka haye Nijar. Kwanan baya wani mai sayar da albasa ya ce mini ya bi ta wajenmu, wurin ya zama kufai. Raina ya ɓaci, har na fasa ciniki.

Tun daga nan nakan tara 'ya'yana bayan magariba, mu zaga Tunga da baki. Sai dai kullum a wuri ɗaya nake tsayawa. Akwai wani gida tsakanin masallaci da tsamiya, a zuci ina ganin darninsa na kara, ina ganin akuya ɗaure a ƙofa, amma sunan mai gidan ya ƙi zuwa. Na tambayi duk tsofaffin da suka rage, ba wanda ya tuna. Abin yana ba ni tsoro.

Jiya da zagayenmu na baki ya iso gidan na sake tsayawa, sai ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, mu yi mai sallama hakanan, ai shi ya san sunanai."

Muka yi sallama, muka ɗan jira.