Layar da ke wutsiyar jirgina

Akwai abubuwan da zuciya ke ajiyewa can ƙasan akwatinta, ba ta bari komai ya taɓa su. A cikin nawa, wanda ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina shi ne jirgin da na haɗa da hannuna, da abin da ya hana shi tashi.

Lokacin na gama lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, ina zaune gida ina jiran sakamako. Littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa sun cika mini kai da mafarki, amma ban sami budurwar da zan zuba wa kalaman ba, sai na zuba su a kan jirgi. Na ga yadda ake haɗa ƙananan jirage a bidiyon waya, na ce ni ma sai na yi. Jikin na yanka daga farin soson da ake tallafe firiji da shi cikin kwali. Inji da batir da telekomand, wato abin da ake tuƙa shi daga ƙasa, wani ɗan kasuwa ya taho mini da su daga Yamai.

Kakata ce ta rene ni. Mahaifina ya tafi ci-rani ina goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, mahaifiyata kuma ta yi wani aure a Dumega. Kaka tana kirana angonta, ina kiranta amarya, kullum muna cikin tsiya. Takan zauna kusa da ni ina manne fukafukai, ta ce duk mazan gari suna kai wa matansu zane, ita nata mijin soso yake yankawa. A shekarar nan idanunta sun fara dushewa, abin da ta gani bara ba ta ganinsa bana. Na yi mata alkawari za ta ga jirgin angonta a sama kafin hasken ya ƙare mata. Ta yi dariya, amma daga baya na ji tana tambayar maƙwabciyarmu ko irin wannan abu in ya tafi yana dawowa.

A bidiyon sun ce a ɗora jirgi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fukafukai, in ya tsaya daidai, hancin ya ɗan rusuna, to ya yi. Na gwada, ya zauna cas kamar tantabara a kan katanga. Washegari da la'asar na kai shi filin da ke gindin dutse, ban sake aunawa ba. Da na cilla shi sai ya ɗaga hanci sama kamar doki mai gardama, ya tsaya cak a iska, ya faɗo ta baya. Zuciyata ta faɗo tare da shi.

Da na koma gida na ɗora shi a yatsu, sai wutsiyar ta rinjaya. Na ɗora wa gam laifi. Na tura batir gaba har ya kai ƙarshe, bai isa ba. Na je wurin mai gyaran babur na roƙi tsofaffin notuna, na cusa su a hanci har ya daidaita. To, ya daidaita, amma ya yi nauyi kamar tulu. Injin ya yi ta kuka, jirgin ya yi ta gudu a ƙasa kamar zabuwar da aka fige wa fiffike, masu kabu-kabu, wato baburan haya, da suka tsaya kallo suna cewa in sa masa fasinja mana tunda mota ce. In na rage notuna ya miƙe tsaye ya faɗi, in na ƙara ya ƙi barin ƙasa. Fukafukan duk sun zama faci, na san faɗuwa ɗaya ta rage masa.

Wata hantsi ina gyaran wutsiyar da ta tsage, yatsana ya taɓa wani abu mai tauri a cikin ramin da waya ke bi. Na zaro shi a hankali. Laya ce, ɗinke cikin jar fata da ta yi baƙi don tsufa, da ɗan zoben ƙarfe a jikinta. A tafin hannu ba ta da wani nauyi, amma a can ƙarshen wutsiya ta isa ta kayar da jirgin soso.

Na sami Kaka a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa. Na taho da faɗa a bakina, na sa mata layar a hannu, na ce amarya, ashe ke ce ke ta kada mini jirgi. Ta shafa fatar da yatsunta.

"Ta ubanka ce," in ji ta. "Na sa an yi mashi ita don hanya. Ranar da ya tahi, bisa gado ya mance ta."

Ta ce ina masallaci ta lalubo ramin ta tura ta ciki. Tana tsoron doguwar dutsen nan, wato aljanar da ke cikinsa, ta ji haushin abin da ke shawagi bisa kanta, ta riƙe shi. Na tambaye ta me ya sa wutsiya, duk faɗin jirgin.

"Angona, in akuya za ta gudu, ta ina kake kamo ta? Ba ta baya ba? So nike shi dawo."

Na zauna kusa da ita na taya ta ɓarar gyaɗa. Na san in na cire layar jirgin zai tashi, na kuma san ba za ta iya tsayawa ta kalli wani abu nawa yana nisa ba tare da layar ba. Ina juya layar a hannu sai na tuna notunan da ke hanci. Na ce mata jirgi ba akuya ba ne, tsuntsu ne, shi kuwa tsuntsu da kai yake juyowa gida. Ta ce in dai ba wayo zan yi mata ba. Na kama hannunta, na zubar da notunan gaba ɗaya, ita da kanta ta cusa layar a hancin. Na ja batir baya kaɗan, na ɗora jirgin a yatsu. Ya zauna daidai, ga shi sakayau.

Da la'asar na riƙo hannunta har gindin dutse, na shimfiɗa mata tabarma. Na cilla jirgin. Ya ɗan nutsa, sannan ya ɗauki iska, ya hau a hankali kamar mai jin kunya. Na riƙe shi ƙasa-ƙasa, ina bi da shi ta gaban jan dutsen don farinsa ya fito mata.

"Kina ganinsa?"

"Ina ganin wani abu fari," ta ce. Can sai ta kama rigata. "Ya yi nisa, juyo da shi."

Na juyo da shi. Saukar ba ta yi kyau ba, ya dungura a yashi, farfela ta karye. Amma kusa da tabarmarta ya tsaya, inda hannunta ke kaiwa. Ta jawo shi ta ɗora a cinya, tana shafa hancinsa, tana cewa sannu da hanya, sannu da hanya. Na san ba da jirgin kaɗai take ba, sai na juya baya na yi kamar ina neman guntun farfelar.

Kafin damina ta zagayo idanun sun rufe, bayan ƴan shekaru ita ma ta tafi. Na haɗa jirage da yawa tun daga nan, waɗanda suka fi wancan kyau da nisa, kuma layar tana hancin kowanne. Abin da ranar ta koya mini shi ne tsoron da masu ƙaunarka ke yi maka yana da nauyi, in ya zauna a baya sai ya hana ka tashi. Ba yar da shi ake yi ba. Wuri ake nema masa a gaba, a tafi tare.