Garwa Ɗaya ta Fetur

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu da tsufana ba. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce na sallah ba, goro ya sani. Muna cikin waɗanda suka tare a Sabo tun ana saran daji, lokacin da aka tattara Hausawan Badun wuri ɗaya. Gidanmu masaukin fataken goro ne, shi yana zaure yana dillanci, ni ina ciki ina tuƙa tuwon da baƙi ke saya. Sai da muka yi rufin kwano, muka fara samun sararin kanmu, sannan Malam ya je ya sayo mana jirgi.

Daga Ejinrin ya dawo ran nan, wata kasuwar bakin ruwa can ƙasar Ijabu, yana ta murmushi shi kaɗai. Na san murmushin nan, na ce, "Malam, me ka aikata?"

Ya ce wani Bature ne zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da jirgin ruwa mai inji, fari, siriri, mai gudun tsiya. Wai kafin kwalekwale ya yi nisa shi ya kai goro Ikko ya dawo.

Na ce, "A Badun ɗin nan wane ruwa gare mu, rafin da awaki ke tsallakewa?"

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Babana jakuna ya kiwata. Jaki ko yana aiki ko yana kwance sai ya ci. Wannan kuwa sai yana tafiya yake sha, in ka ɗaure shi ko anini ba ya nema."

Na yi masa tsiya iya son raina, amma abin ya shiga zuciyata. Ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, balle in hau kansa. Na ce ni dai a kai ni in hau, ko sau ɗaya ne. Ya ce, "Ranar da ya fara kawo riba, ke ce a gaba." Na riƙe wannan magana gam.

Riba kuwa ko ƙurarta ba mu gani ba. Jirgin nan huhun goro kaɗan yake ɗauka, don Baturen bai yi shi don kaya ba, don shan iska ya yi shi. Fetur yake sha kamar an aiko shi. Bayan fetur akwai baƙin mai, akwai matuƙi, wani Ba'ijabu da ba ya taɓa jirgi sai an biya shi, akwai mai gadi. Yau farfela ta bugi kututture ta lanƙwashe, gobe sai an ɗauko makanike tun daga Ikko, a biya kuɗin motarsa a kuma ciyar da shi. Malam ya rage sayen riguna, naman miyarmu ya koma ganin ido, amma in ya zauna a zaure yana ba fatake labarin yadda jirginsa ke tsaga ruwa, sai ka rantse shi ya ƙera shi. Ina jin su ta katanga ina dariya.

A lokacin fetur a garwa yake zuwa, bibbiyu cikin akwatin katako. Malam ba ya iya yar da abin da ya sa kuɗinsa, sai ya riƙa loda garewanin da aka juye a motar goro yana kawo mini. Ya kan ce, "Ga rabonki na jirgi." Ta farko na ɗauraye na zuba kunu, baƙi suka yini suna gyatsar fetur. Wata tsohuwar Bayarabiya mai kawo mini manja ita ta koya mini wanki da toka da ruwan zafi da lemun tsami, a kife a rana kwana uku. Daga nan kasuwa ta buɗe. 'Yan garuwa suna so, masu manja suna so, maƙera suna yankawa su yi fitila da ƙyaure. Ina sayarwa ina jefawa a asusu. Duk ran da na ji Malam yana tsaki wai jirgi ya sha da yawa, sai in ce a zuciyata, Allah ya ƙara masa ƙishirwa.

Da azumi ya zo, Malam ya ce zai hutar da jirgi ya hutar da aljihu. Ya sallami matuƙi, ya sa aka ɗaure shi a bakin ruwa, kamar yadda babansa kan turke jakuna da damina. Azumi ya wuce, sallah ta wuce, ya ƙara wata guda. Da ya je dubawa ya tarar ruwan sama ya cika shi, inji ya yi tsatsa, wasu tsutsotsin ruwan gishiri sun huda katakon ƙasa kamar gara ta ci azara. Mai gadi kuma yana tsaye yana jiran kuɗin wata biyu.

Ya dawo ya zauna a bakin ƙofata, ya ce, "Ashe ko a ɗaure ci yake."

Na so in ce na faɗa maka, amma ganin fuskarsa na haɗiye, na kawo masa fura. Gyaran ya cinye abin da ya rage masa, dole ya sa jirgin a kasuwa. Wani attajirin Ikko ya taya, aka ce ranar kasuwar Ejinrin zai zo ya ɗauka. Malam bai tuna mini alkawari ba, na san kunya ce. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, shekara biyu ina cin miya ba nama saboda abin da ban taɓa gani ba.

Na fasa asusu na juye masa a tabarma. Na ce, "Malam, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga na fetur garwa ɗaya. Jirgin ya kawo riba, ni ya kawo wa."

Ya dube ni, ya dubi kuɗin, ya yi dariya har da hawaye.

Matar aure a Sabo ba ta fita da rana, don haka ranar kasuwar muka bar gida bayan sallar asuba, ina lulluɓe. Da muka isa na ga ruwan, na tsaya ina neman ƙarshensa da ido. Ga jirgin nan, ya fi yadda na zata ƙanƙanta, duk jikinsa faci. Matuƙin nan, da Malam ya sake kira, ya juye garwar da muka sayo, ya ce da 'yar Hausarsa, "Iya, in a hankali ne za mu je mu dawo. In gudu ne, ba za ta dawo da mu ba."

Na ce, "A hankali ai kwalekwale ma yana yi. Gudun na zo gani."

Wayyo daɗi. Hancin jirgin ya ɗaga sama, iska ta fizge mayafina sai da Malam ya cafke shi, ruwa yana fantsama a fuskata, gishiri a bakina. Na fara da salati, ban san lokacin da na koma guɗa ba. Malam yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kafaɗata, a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Ban gama ƙoshi ba inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Muka tsaya tsakiyar ruwa, tsit, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Malam ya ciro goro ya fasa, ya ba ni rabi, ya ce, "To, uwar gudu, kin gani?" Na ce na gani, kuma da ina da wata garwar da na ƙara.

Wasu mata masu kifi ne suka ja mu da kwalekwalensu zuwa gaɓa, suna waƙa suna yi mana dariya. Da muka sauka suka nuna garwar da aka juye, wai ita ce ladansu. Malam har ya miƙa hannu zai ba su, na fizge. Na ba su goron da ke ƙulle a zanena duka, na ƙara da ɗankwali sabo. Kafin la'asar mai saye ya zo ya tafi da jirgin.

Garewani sun daina zuwa, nama ya dawo miya. Waccan garwar na wanke ta da toka, ita nake ɗuma wa Malam ruwan alwala a ciki har ya bar duniya, kuma da ruwanta aka yi masa wanka. Tana nan bayan ƙofata, gindin ya huje, jikokina sun sha cewa in yar. Na ce su jira tukuna.