Mun Je Yamai Ɗauko Yaya

Mun tashi daga Maradi da asuba, ni da Baba Ƙarami, ƙanen mahaifinmu, a kar, wato babbar motar fasinja, mai zuwa Yamai. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Inna ce ta aike mu, kuma saƙonta guda ne: mu ɗauko mata babban ɗanta, ko yana so ko ba ya so.

Yaya tsohon ɗan kokawa ne. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya koma tuƙin taksi a Yamai, bara kuma hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Makon jiya wani ya turo mana bidiyonsa a waya. Ga shi a bakin kogi ba takalmi, yana ɗaga hannuwa sannu-sannu, yana tura iska yana jawo ta, ido a lumshe. Kafin la'asar matan gidanmu sun gama shari'a: mutanen ruwa ne suka shige shi. Baba Ƙarami ya ce a'a, abubuwan da ya sha lokacin kokawa ne suka juyo masa. Ni ban ɗauki ko ɗaya ba, amma tsorona ya fi nasu. Tansiyo, wato hawan jini, shi ne ya kashe mahaifinmu yana da hamsin da huɗu, kuma kafin ya tafi sai da ciwon ya taɓa masa kai. Yaya bana yana hamsin da uku.

Kuɗin kar ya haura jika goma, amma kujerar ba ta san da haka ba. Baba Ƙarami ya rungume jarkar rubutun da ya karɓo wa Yaya, ya hana a sa ta cikin kaya. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In duba agogo, in sake kallon bidiyon, in leƙa taga, ƙafata tana ta rawa har Baba Ƙarami ya ce in ban daina ba zai buɗe jarkar ya fara da ni.

A Galmi warin albasa ya riga buhunan shigowa motar. A Ƙonni muka sauka na sha shayi a tsaye da burodi mai tauri, na sayi ƙwayar ciwon kai a hannun mai talla, don ƙeyata ta soma sara kamar yadda ta saba yi mini 'yan watannin nan. Daga Dutsi zuwa Doso hanya wani wuri sumul, wani wuri sai ka riƙe haƙoranka. Jandarmomi sun sauke mu duba katin shaida ya fi sau huɗu, kowane tsayi kuwa ji nake kamar in taka da ƙafa. Wajen Kure mutane suka yi ta miƙa wuya ko za su hango raƙuman dawa. Ni ko sun zo sun gaishe ni ba zan gan su ba.

Mun shiga Yamai bayan la'asar. Mai taksin da muka tare ya ce tsallake gada zuwa Kirkisoy, unguwar su Yaya, sai kuɗin mutum biyu kowannenmu, ya kuma bi da mu ta wajen kasuwar Petit Marché don ya sauke wata mata da kwandon tumatir. Cunkoso ya riƙe mu a can, kabu-kabu suna ratsawa ta ko'ina, masu kayan miya suna ciniki rabi Zabarmanci rabi Hausa. Da muka hau gada na ga kogin shimfiɗe, jiragen masunta a kai, ba abin da ya dame shi. Haushinsa ma na ji.

Yaya da kansa ya buɗe mana ƙofa. Na ƙare masa kallo ina neman alamar taɓuwa, ban samu ba. Ya rame kaɗan, bakinsa ya daidaita, ya tambayi kowa na gida da sunansa. Matarsa ta kawo dambu da kopto, wato zogalen da Zabarmawa ke kwaɗawa da ƙuli, muka ci. Baba Ƙarami ya matso kunnena ya ce kada in ruɗu, irin waɗannan da sassafe suke tashi. Muka yi shawara ba za mu ce masa komai ba sai mun gani da idonmu.

Washegari bayan sallar asuba Yaya ya ɗauki hularsa ya fita, muka bi shi daga nesa kamar ɓarayin akuya. A wani fili mai yashi kusa da lambunan bakin kogi muka tarar da mutum wajen goma sha biyar, maza a gaba, mata uku can gefe da hijabansu. Duk suka tsaya, suka ɗan lanƙwasa gwiwa, suka fara wannan abu na bidiyo tare, ba kiɗa ba magana. Na ce wa Baba Ƙarami ai iskoki ba sa yin sahu. Bai saurare ni ba. Ya ajiye jarkar, ya naɗe hannun riga, ya lallaɓa ta baya ya cafki Yaya a ƙugu yana karanto addu'a, nufinsa in riƙe ƙafafu mu ɗura masa rubutun.

Abin da ya faru ban gama ganinsa ba. Yaya bai fizge ba, bai yi ƙarfi ba. Ya dai sauke nauyinsa a ƙafar hagu, ya juya a hankali, sai ga Baba Ƙarami zaune a yashi, hula a gefe. Mutane suka yi ta dariya, Yaya ya tsugunna yana ba shi haƙuri yana kaɗe masa riga. Ni ban yi dariya ba. Ƙafar nake kallo, wadda bara sai an ɗaga masa ita ake sa masa takalmi. Hawaye suka zo mini, na juya wajen kogi.

Mai koya musu wani dattijo ne siriri, tsohon ma'aikacin asibiti, kowa Majo yake ce masa. Ya ce sunan abin taici, dabarun faɗa ne na mutanen Sin da aka sassauta, ya koya a wurin wani likitansu da suka yi aiki tare. Ba addini ba ne, ba bori ba ne, numfashi ne da daidaita jiki. Na ce masa duk na ji, amma ciwon gidanmu gado ne, a jini yake, kaɗa hannu ba zai goge shi ba.

Ya ce gaskiya ne, ƙwayoyin halittar da mutum ya gada ba sa canjawa. Sai dai ba duka suke aiki lokaci guda ba. Jiki yana kunna wasu yana rage wasu, kamar fitilun gida, kuma barci da abinci da motsi da yawan damuwa suna da hannu a wannan kunnawa. Ya ce masana sun duba jinin masu irin wannan motsa jiki, wasunsu sun ga alamar cewa ƙwayoyin da ke hura kumburi a cikin jiki suna lafawa. Ya ƙara da cewa maganar ba ta gama nuna ba, ana kan bincike, shi kuma ba ya yi wa kowa alkawari. Sharaɗinsa ɗaya: wanda ya bar shan maganin likita kada ya sake zuwa filinsa.

Yaya ya ce in gwada. Na cire takalmi na tsaya. Wallahi ɗaukar buhun gero ya fi mini sauƙi. An ce in ɗaga hannu cikin numfashi ɗaya, ni kafin a kai rabi na ɗaga na sauke ina jiran na gaba. Kafaɗuna sun haɗe da kunnuwa, zuciyata tana bugawa a wuya. Majo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in zauna in huta. Ya ciro abin awon tansiyo daga jakarsa ya ɗaura mini. Ya auna, ya jira, ya sake aunawa a ɗaya hannun.

"Yaushe rabonka da awo?" ya tambaye ni.

Na ce tun rasuwar mahaifinmu ban yarda an auna ni ba.

"Na yayanka sha uku ne yau. Naka sha takwas, ya hau ƙwarai. Ba gobe za ka ga likita ba, yau."

Yaya ne ya kai ni a taksinsa zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar Talaje. Yana tuƙi yana cewa da can shi ma haka yake, kullum kamar ana kiran sunansa a filin kokawa. Likita ta tabbatar da maganar Majo, ta rubuta mini magani, ta hana ni gishiri da ƙwayoyin talla. Kwana uku muka ƙara. Kowace safiya ina filin, ina bayan sahu, ina riga kowa gamawa. Baba Ƙarami bai shiga ba, amma ya daina harara, rubutun kuma Yaya ya karɓa ya sha da bisimilla don a rabu lafiya.

Mun dawo mu biyu kamar yadda muka tafi. A hanya na yi ta juya abin a raina. Shekara da shekaru ina cewa gado ne, ba yadda za a yi, ashe tsoro ne kawai na sa wa wannan suna don kada in je awo. Ko taici yana taɓa ƙwayoyin halitta ko ba ya taɓawa, wannan na bar wa masana. Abin da na gani shi ne Yaya ya fuskanci nasa ciwon, ni ina ta gudun nawa.

Mun iso Maradi gab da magariba. Inna tana zaune a tsakar gida, ta leƙa bayanmu ba ta ga kowa ba. Na durƙusa na ba ta labari tun daga farko, na ce Yaya lafiyarsa ƙalau, ya ma kayar da Baba Ƙarami. Sannan na ciro kwalin maganina na ajiye a gabanta, na faɗa mata abin da aka auna. Ta ɗauki kwalin ta juya shi, ta san irinsa sarai. Ta ɗora hannunta a kan kaina.

"Na ce a ɗauko mini marar lafiya," ta ce, "ashe shi na aika."