Juyen Kaset ɗin Yayana

Inna ta zo Abuja ne don a yi mata aikin ido. Lokacin ina aiki a wani sito a Idu, ina zaune a Gwarinpa ni da matata a ciki da falo. Shekarun nan ne da mulki ya koma hannun farar hula, kuɗi na yawo a gari, duk inda ka juya tifa ce ke juye yashi, kowa na rububin layin waya. Inna ba ta ko ɗaga kai ta kalli benayen ba. Da ta huta, sai ta kwance wani ɗankwali daga ƙasan jakarta, ta miƙo min kaset.

Na gane shi tun kafin ya zo hannuna. Yayana, ɗanta na fari, tela ne a Zariya, amma in aiki ya lafa yakan ɗauki gurmi ya kaɗa a bakin shago. Wata rana abokinsa ya ajiye rediyo a gabansa ya ɗauki waƙoƙinsa. Ba a jima ba ya rasu a haɗarin mota. Muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a wannan kaset.

"An ce yanzu akwai abin da ake juye irin wannan a ciki, ba ya lalacewa," in ji Inna. "Ka juye min na yaron nan."

Ba ta taɓa kama sunansa ba, ko bayan rasuwarsa.

Na je kasuwar unguwa wurin wani Bakano mai sayar da kayan sauti. Ya ɗauko min rakoda ƙarama, ba ta fi sabulun wanka girma ba, da baƙar waya mai kai biyu. Ya ce kai ɗaya a rediyo, ɗaya a rakoda, shi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a falo na jera kayan, har da tsohon rediyona mai cin kaset. Inna na zaune a kujera, an riga an yi mata aikin, ido ɗaya naɗe da bandeji. Na soka wayar a ramin iyafis na rediyo, inda ake soka abin saurare na kunne, na danna. Abin da ban sani ba, da zarar waya ta shiga wannan ramin, lasifikar rediyon sai ta yi shiru. Haka muka zauna muna kallon kaset na juyawa, babu abin da muke ji. Da na tsayar na kunna rakodar, sai wani shuuu kawai, kamar ruwa na zuba a kwano. Ashe ramuka uku ne a jikinta, ni kuwa na soka a na sauraro.

Na mayar da kaset baya, na soka a ramin makirufo. Wannan karon sauti ya shiga, amma gara shirun. Gurmin ya fito a fashe kamar ana dukan langa-langa, muryar Yaya na karkarwa, ba ka gane kalma ɗaya. Inna ta kawar da kai. Na yi sauri na kashe.

Rami na uku ya fi dama. Na rage ƙarar rediyo, murya ta fito, ana gane ta. Sai dai a ƙarƙashinta akwai wani ƙugi mai kauri da ba ya yankewa, kamar janaretan maƙwabta. Kuma ko yaya wayar ta motsa, sautin sai ya yi ƙarau ya ɗauke, ya dawo ta kunne ɗaya. Na juya kan wayar, na goge shi da gefen riga, na hura ramin, na matsar da rediyon nesa da soket. Ƙugin na nan.

Matata ce ta ja ni gefe a ƙofar kicin. Ta nuna min ɗan yatsanta da ta shafo cikin rediyon, duk jan gari.

"Wannan daga jikin zaren kaset ɗin yake fita," ta ce a hankali. "Duk sanda ka maimaita, yana ƙara cinyewa."

Ranar ban iya cin abinci sosai ba. Ni da nake son in ceci abin, ni ne ke kankare shi.

Na koma wurin Bakanon. Ya juya wayar a hannunsa ya ce, "Oga, ai wayar ce. Wannan kanta zobe biyu ne, tsohon rediyo kuwa mai zobe ɗaya yake so." Ya ba ni wata. Na gwada da wani kaset na wa'azi, don kada in taɓa na Yaya. Yankewar ta ragu, ƙugin bai gusa ba. Da na sake komawa, sai ya ce wataƙila rediyon ne, wataƙila kuma rakodar ce, ya ɗaga kafaɗa ya juya ga wata mata da ke tambayar caja.

Inna ba ta sake yi min maganar ba. Shirun nata ya fi damuna. Kullum in na dawo daga Idu nakan tarar ta mayar da kaset ɗin cikin ɗankwalinsa ta ajiye kusa da matashinta.

Lahadi bayan azahar, ina cikin gwaji da na wa'azin, aka ɗauke wuta. Na zaro batira daga tocila da wani tsohon agogo na cusa wa rediyon, don kawai in ci gaba. Da na saurara, babu ƙugi ko kaɗan. Ashe ta wayar wuta yake shigowa. Na kira matata da ƙarfi. Na manne wayar a kan tebur da salatif, ita kuma ta danne kan da ke jikin rediyo da babban yatsa. Na karɓo kaset daga Inna, na yi bisimilla, na danna.

Na sa iyafis a jikin rakodar ina ji. Gurmin ya fito tas. Ga Yaya yana gyaran murya, ga wani can baya yana dariya, har da ƙarar keken ɗinkin maƙwabcinsa. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ina kallon matata, ta gaji, amma ba ta saki ba.

Can cikin wata waƙa sai muryar ta fara yin nauyi, tana ja, kamar mai barci na magana. Batiran ne suka gaza. Kafin in kai hannu, rediyon ya yi ƙas ya tsaya. Na buɗe murfin. Zaren ya nannaɗe a jikin robar da ke jan sa, ya cukurkuɗe. Na sa biro ina warwarewa a hankali, amma wurin ya riga ya tsinke.

"Me ya faru?" Inna ta tambaya.

"Zaren ya tsinke, Inna."

Ta yi salati ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "An samu wani abu?"

"An samu kusan rabin fuska ɗaya."

Matata ta sa mata iyafis a kunne, don ba ta saba ba. Inna ta sunkuyar da kai, hannuwanta a kan cinya. Ruwa ya riƙa zuba daga idon da ba a naɗe ba, na tuna likita ya ce kada ta yi kuka, na rasa yadda zan faɗa mata. Da ta kai inda sautin ya yanke, ba ta cire abin ba. Ta ci gaba da motsa leɓe, tana rera sauran baitin a ranta har ta kai ƙarshe.

Na haɗa zaren da ɗan siririn salatif, na sayo sababbin batira. Na ce mata yanzu fuska ta biyu za ta juyu, a bar ni in juye.

"A'a," ta ce. "Bar shi haka. Ya wahala."

Na roƙe ta, matata ma ta sa baki. Ba ta yi musu da mu ba, ta dai miƙo hannu, na sa mata kaset ɗin a ciki. Da aka kwance bandejin ta koma Zariya da shi. Rakodar kuwa ta bar min, ta ce a can babu mai iya danna mata. Duk sanda na je gida nakan tafi da ita, in sa mata a kunne bayan la'asar, in zauna a gefe har ta miƙo min. Maganar fuska ta biyu ban sake tayar da ita ba, ita ma ba ta tayar ba.