Na Yi Gasar Warkewa Da Kaza

Lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da gama sakandare ba. Ina gidanmu a Jega, ina saro albasa daga Aliero ina sayarwa ranar kasuwa. Duk unguwarmu an san ni da baki da gaggawa. Ban iya jiran shayi ya huce, in na aiki mutum ya yi nawa sai in bi bayansa in karɓe aiken. Inna takan ce ko haihuwata ban jira ungozoma ta iso ba.

Wata rana ina dawowa daga Aliero da buhun albasa a kan babur, na dami mai babur da cewa tafiyarsa ta tsofaffi ce, ya ƙara wuta. Muka faɗa wani rami, buhun ya rinjaye mu, ƙafata ta dama ta karye a ƙasan gwiwa. Aka juya da ni Aliero wurin wani dattijo mai ɗori. Ya ja ƙafar na yi ihun da har yau kakata ke kwaikwayo, ya shafa magani, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya sa aka kamo wata jar kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta kamar tawa, ya ce haka gidansu suka gada, mu tafi da ita gida, in ta taka ni ma zan taka. Ya ƙara da cewa kada kowa ya taɓa ɗaurin sai shi. Wannan ta biyun ban riƙe ta ba, ta kaza kawai ta zauna mani a kai.

Aka shimfiɗa mani katifa a ɗakin kakata, aka ajiye kazar cikin kwando a bakin ƙofa. Tunda dai warkewarta ita ce tawa, sai na maida ita sarauniya. Gero, dakakken ƙuli-ƙuli, har kifin miyata nake tsame mata. Ina yi mata faɗa ta daina lalaci ta miƙe, don bikin aminiyata a Maiyama ya matso, na riga na ɗinka anko, kuma na yi rantsuwar ba wadda za ta fi ni rawa. Kakata tana kaɗin auduga tana dariya, wai yau ga gida mai majinyata biyu, ɗaya mai hankali ɗaya mai surutu, kuma mai hankalin ce mai fiffike. Ni kuma in ce mata tsohuwa ta ja bakinta, in na tashi ita zan fara kayarwa a tsere.

Ba a jima sosai ba, wata safiya kazar ta fito daga kwando tana ɗingishi, kafin azahar ta kori ƙadangare har bakin rijiya. Na yi guɗa. Inna ta ce in bari a aika wa mai ɗori, na ce mata shi da bakinsa ya faɗa, me kuma za a jira. Tana shiga madafa na sa haƙori na kwance igiyar, na watsar da karare, na dafa bango na miƙe. Taku na farko lafiya, har na fara kiran kakata ta zo ta ga ikon Allah. Da na saki bangon na ɗora nauyina duka, sai na ji wani abu ya motsa a cikin ƙafar kamar ɗanyen kara ya lanƙwashe. Na zube. Da na duba, ƙafar ta ɗan karkace. A nan tsoro ya kama ni na gaske, don na ga alamar zan ƙare rayuwata ina jan ƙafa.

Wannan karon asibiti aka kai ni, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar, wata mata mai fara'a, da ta ji labarin kaza sai da ta ajiye biro ta yi dariya. Ta nuna mani wani farin hayaƙi-hayaƙi a gefen karayar, ta ce wannan sabon ƙashi ne da bai yi ƙwari ba, kamar guringuntsi. Ta tambaye ni ko a makaranta an taɓa nuna mana saiwar albasa a madubin nan mai ƙara girman abu. Na ce an nuna, mun ga wasu ƙananan ɗakuna a jere, wasu suna rabewa biyu. Ta ce to irin wannan aikin ake yi a ƙafata: kowace ƙwayar halitta sai ta ci ta girma, ta kwafe duk abin da ke cikinta, ta duba ko ta yi kuskure, sannan ta rabe biyu, biyun kuma su faro daga farko. Ba ta tsallake mataki don wani yana da biki. Bayan sun cike gurbin ne ƙashin zai fara tauri. Ta ce ƙafar kaza siririya ce kuma nauyin da take ɗauka kaɗan ne, ni kuwa na ɗora gangar jiki guda a kan ginin da bai bushe ba. Ta gyara ƙafar ta sa siminti, ta ce in na sake yin haka ba ta yi mani alƙawarin tafiya daidai ba.

Mai ɗori ya zo dubiya, ya ce shi dai kaza ya karya, bai naɗa ta likita ba. Biki ya wuce ba ni, amma amarya ta sa aka biyo da ita gidanmu da ƙawaye, suka yi kiɗan ƙwarya a tsakar gida, na sa ankona na yi rawa da kafaɗu ina zaune. Daga nan na kwanta na yi abin da ban taɓa yi ba, na jira. In ƙaiƙayi ya dame ni cikin simintin sai in ce ƙwayoyin halittar nan ne suke aiki, Allah ya ba su sa'a. Ranar da aka fasa simintin ƙafar ta rame kamar muciya, amma a miƙe take. Na taka daga gado zuwa ƙofa, Inna tana hawaye, kakata tana cewa a kama ta kada ta ruga Maiyama.

Yau ina zuwa kasuwa da ƙafata, ba mai gane wadda ta karye. Gaggawar ba ta bar ni duka ba, ba zan yi ƙarya ba, amma na gane akwai aikin da ake yi a cikin jikina wanda faɗa da tsawa ba sa ƙara masa sauri. 'Yan uwana masu hali irin nawa, in an ɗaure maku karaya ko an ɗinke maku ciwo, daina jin zafi ba shi ne warkewa ba. Ku je a duba, ku bar wanda ya ɗaure ya kwance da hannunsa. Ni na yi sa'a ƙafata ta yafe mani sau ɗaya, ban san ko taku za ta yafe ba.