Fim ɗin Chester Mai Awa Tara

Chester Banas bai taɓa iya cire mutum daga cikin labari ba. Cutarsa ke nan, kuma duk unguwar 'yan asalin Poland ta birnin Toledo a Amurka ta san da ita tun yana saurayi.

A masana'antar gilashi yake aiki, kamar ubansa, amma in an tashi ba ya bin abokai mashaya. Gida yake wucewa ya baje takardu a teburin kicin, yana rubuta wasan kwaikwayon da za a yi a zauren ƙarƙashin coci bayan Ista. Na farko da ya rubuta, yana ɗan shekara ashirin da biyu, mutum shida ne a ciki. Kafin ranar wasa sun zama goma sha tara. Mahaucin unguwa ya tare shi a hanya ya ce a ba shi ko kalma biyu ne, matar mai wanki ta aiko da miyar kabeji haɗe da saƙon cewa 'yarta fa tana da murya. Chester sai ya koma teburi ya ƙirƙiro wani kawu da ya zo baƙunta, ko maƙwabciyar da ta shigo aron gishiri. Babu wasansa da ba a shigo aron gishiri ba aƙalla sau uku.

Matarsa Lottie, wadda ke ɗinka kayan 'yan wasa kuma bakinta ba ya ajiye magana, ta taɓa tambayarsa: "Chet, in kowa ya hau dandamali, wa ka bar mana ya tafa?"

Ya ce ai wanda ya gama nasa sai ya sauko ya tafa wa na baya. Haka kuwa aka yi ta yi, shekara goma sha takwas.

Sau ɗaya sa'a ta leƙo shi. Wani darakta daga Cleveland ya karanta wasansa ya ce yana so, Chester ya sa kwat ɗin aurensa ya hau bas. Da ya isa ya tarar mutumin ya rage mutum talatin da huɗu zuwa takwas, kuma gaskiya wasan ya fi daɗi a haka, shi kansa ya gani. Ya naɗe takardunsa, ya yi godiya, ya hau bas ɗin yamma. Lottie ta yi sati guda tana sha masa toka, daga baya ta haƙura, tunda ta san wanda ta aura.

A 1968 aka ce babban titi zai ratsa ta tsakiyar unguwar, gidaje ɗari uku za su tafi. Masu zuciya suka yi ta taro suna rubuta takardun ƙorafi. Chester kuwa ya sayo tsohuwar kyamarar fim da rikoda, ya ce zai yi fim a kan wani biki, amarya ɗaya, ango ɗaya, awa ɗaya da rabi. Wa zai yarda? Rana ta uku da fara ɗauka, unguwa gaba ɗaya ta sa kayan Lahadi ta fito. Ya ɗauki tsofaffi a bakin ƙofa, ya ɗauki mata suna naɗe pierogi, wato ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, suna gulma, ya ɗauki mahauci yana wasa wuƙa har minti goma don mutumin ya ce gefen fuskarsa na hagu ya fi kyau. Amarya da ango suka ɓace a cikin jama'a, har yau ba a ɗaura musu auren ba. Da bazara ta ƙare yana da awa tara a cikin gwangwanaye, sannan motocin rusau suka iso.

Mutane suka watse, wasu bayan gari, wasu Florida, da yawa maƙabarta. Chester ya koma wani ƙaramin gida da gwangwanayensa. Duk shekara yakan ce bana zai zauna ya tace fim ɗin, duk shekara Lottie takan ce masa sai ta gani. Har ta rasu ba ta gani ba. Ya yi kewarta ƙwarai, har tsiwar tata, wataƙila ma tsiwar ce ya fi kewa.

Yana da shekara saba'in da takwas likitan ido ya gaya masa gaskiya: ganinsa ba zai kai baɗi ba. A wannan lokacin ne 'yarsa Renata, malamar makaranta mai son abu ya tafi a tsari, ta samo masa dama. Wani bikin nuna finafinai zai haska fim ɗin, da sharaɗin kada ya wuce minti casa'in. Ta sa aka kwashe shi zuwa kwamfuta, suka zauna kullum da hantsi suna yanka.

Sati uku suka yi, abin da suka rage bai kai minti goma ba. Duk wanda Renata ta nuna, sai Chester ya faɗi sunansa da na uwarsa da cutar da ta kashe shi.

"Baba, wannan mutumin ba abin da yake yi fa, tsaye kawai yake."

"Tsaye yake a ƙofar gidansa. Je ki nemo min ƙofar yanzu."

Ta ce in ya ci gaba da haka zai makance fim ɗin na cikin akwati, ba wanda ya gani. Ya san gaskiya ta faɗa, kuma abin ya tsorata shi. Bayan kwana biyu ya ce wa Renata ta gode wa masu bikin, ta ce musu ba zai zo ba, sannan ta tambayo ko zauren ƙarƙashin coci na nan, don titin ya bar cocin tsaye ita kaɗai kamar haƙorin tsohuwa.

Wata Asabar, ƙarfe takwas na safe, aka fara. Renata ta lika takarda a ƙofa mai nuna lokacin da kowane layi na unguwar zai fito. Da farko mutum goma sha biyu ne. Zuwa azahar wuri ya cika, don mutane sun yi ta buga wa juna waya: maza ka taho, kakarka ta kusa fitowa. Ana ci, ana surutu, ana nuna allo da cokali, ana musu kan gidan wa ke da koren ƙyaure. Chester na kujerar gaba, hancinsa kusan a jikin allo, yana ganin abin da idonsa ya bar masa.

Wajen ƙarfe uku aka zo wani wuri da ko shi ya yarda babu komai a cikinsa: titi ne kawai da rana, ya manta kyamara a kunne. Sai wani saurayi ya gifta a kan keke, ya saki hannu ɗaya ya ɗaga wa kyamara, ya wuce. Bai fi ƙiftawar ido huɗu ba.

Daga can bayan zauren aka ji wata murya ta ce, "Tsaya."

Misis Pelka ce, tsohuwa mai shekara casa'in da ɗaya, da jikarta ta turo a keken guragu. Saurayin nan ɗanta ne, Leonard. Da lokacin kaka na shekarar da aka ɗauki fim ɗin aka ɗauke shi soja zuwa Vietnam, bai dawo ba, kuma akwatin hotunansa ya salwanta ranar da suka kwashe kaya daga gidan da aka rushe. Shekara talatin da takwas ba ta ga fuskarsa ba.

"Ɗan gidan Banas," in ji ta, "dawo min da shi."

Chester ya taɓa hannun Renata, ta mayar da fim ɗin baya. Leonard ya sake giftawa, ya ɗaga hannu. Masu ci suka ajiye cokula. Tsohuwar ta ce a ƙara, aka ƙara. A karo na biyar ta ɗaga nata hannun, ta amsa masa.

Renata ta sunkuyo tana share ido, ta yi wa ubanta raɗa cewa saura awa biyu fa, kuma ƙarfe shida za a rufe zauren.

"Su jira," in ji Chester. "Mayar mata."